A Mayar wa Yara Awarsu ta Motsa Jiki

A jadawalin darussan makarantunmu na Nijar, tun daga firamare har zuwa kwaleji da lise, akwai gurbin da aka rubuta EPS a ciki, wato darasin motsa jiki. Duk wanda ya yi ƴan shekaru yana riƙe da alli ya san abin da ke samun wannan gurbi. In malamin lissafi bai ƙare manhajarsa ba, awar motsa jiki ake ba shi ya cike. In baƙi na tafe daga Damagaram ana son a share harabar makaranta, ita ake ɗauka. In jarrabawa ta matso, ita ce farkon abin da ake yankewa. Sai a wayi gari a ji saura mako biyu a yi gwajin motsa jiki na BEPC, a kwaso yaran da suka shafe watanni ba su kewaya fili ko sau ɗaya ba, a jera su cikin zafin bazara, a busa usur a ce su ruga. Wannan ya yi amai, wancan ya zube riƙe da ciki, ƴan mata da dama kuwa tuni iyayensu sun nemo musu takardar likita don a ɗauke musu. Ana gamawa a manta da zancen, sai kuma baɗi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan darasi kullum sai ranar tafiyar ake neman wuƙa.

Ra'ayina shi ne a mayar wa yara wannan awa, a kuma gina ta a kan gudu mai nisa wanda ake koyo sannu a hankali. Shi ne wasan da ya fi kowane araha, domin ba ya bukatar ƙwallo ko raga ko fili mai ciyawa. Kuma yana koya wa yaro, ta hanyar jikinsa, abin da muke ta fama mu cusa masa da baki a cikin aji, wato yadda ake raba babban aiki gida-gida, a riƙa bin sa kullum har a ga bayansa.

Sai dai akwai abin da ke tare hanya, kuma daga wajenmu manya yake. A garinmu babba ba ya gudu. Yaro na iya gudu, soja na iya gudu, ɗan ƙwallo ma an yi masa uzuri. Amma a ga magidanci, balle malamin makaranta mai iyali, yana sassarfa a gefen hanyar Difa da sassafe, sai an tsaya an duba bayansa a ga abin da ya koro shi. Mun ɗauki nauyin jiki da tafiyar ƙasaita a matsayin alamar kamala. Wanda ya fara ɗaukar albashi, babur zai fara saye, daga nan ko masallacin unguwa a kansa zai je. Mai zuwa kasuwa kuma ya tsayar da ɗan kabu-kabu saboda tafiyar da ba ta kai ta minti goma ba. Yaranmu suna kallonmu. Me zai sa yaro ya girmama darasin da mahaifinsa da malaminsa suke jin kunyar a gan su suna yi?

Ni kaina a wata ƙasa na ga cewa wannan kunya tamu ba dokar duniya ba ce. A shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 na sami damar zuwa ƙarin karatu kan dabarun koyarwa a birnin Marakesh na ƙasar Maroko, bayan shekarun da na yi ina koyarwa tun fitowata daga makarantar horon malamai ta Damagaram. Ina ɗan shekara 38 a lokacin. Bayan sallar asuba, hanyoyin da ke kusa da lambun zaitun na Menara sukan cika da masu gudu. Ga samari, ga dattawa masu furfura, ga mata da lulluɓinsu da dogayen riguna, ga uba da ɗansa kafaɗa da kafaɗa. Musulmi ne kamarmu, daga masallaci suka fito kamarmu, kuma babu mai juyowa ya kalli wani.

Maƙwabcina a gidan haya wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya haura shekara 60. Wata rana cikin watan Oktoba muna shan shayi ya ce mini, “Ustaz, a ƙarshen Janairu ake babban tseren garin nan. Akwai na kilomita 42, akwai rabinsa. Rabin za mu yi da kai.” Na ce, “Baba, ni fa rabona da gudu tun ina makarantar horon malamai.” Ya ce, “To ai ba gobe ne tseren ba. Gobe minti ashirin kawai nake so a wurinka, kuma rabinsu tafiya ce.”

Tseren da yake nufi shi ne gudun famfalaƙi na Marakesh, wanda aka fara tun 1987. Cikakken gudun famfalaƙi kilomita 42 ne da mita 195, tsawon da aka yi amfani da shi a wasannin Olamfik na Landan a 1908, daga baya ya zama ma'aunin duniya. Rabinsa ke nan kilomita 21 da mita 97 da rabi. In filin makarantarku kewayensa mita 400 ne, to kusan zagaye 53 ke nan ba tsayawa. Da na yi wannan lissafi a takarda na so in yi dariya, domin a ranar zagaye biyu ma da ƙyar zan kai.

Ƙa'idodin dattijon uku ne, kuma duk malamin firamare zai gane su. Ta farko, kada ka yi gudun da ba za ka iya magana a cikinsa ba. In haki ya hana ka amsa gaisuwa, to ka wuce ƙarfinka, ka rage. Saboda haka duk tsawon hanya yana yi mini tambayoyi kan Gure, kan tuddan rairayi da kwaruruka masu dabino da kanwa, ni kuma ina ba shi amsa, ashe awo yake yi. Ta biyu, ƙari kaɗan-kaɗan ake yi, kowane mako a ɗora ɗan abu a kan na makon jiya. Ta uku, ranar hutu tana cikin aikin, kuma duk abin da aka yi a rubuta shi a ɗan littafi: rana kaza, nisa kaza, minti kaza. Mun fara da gudun minti biyu, tafiyar minti ɗaya ko biyu, sau uku a mako. Zuwa ƙarshen Nuwamba ina yin kilomita 8 ba tare da na tsaya ba. A farkon Janairu muka yi 17. Babu ranar da na ji na yi wani abin a zo a gani, amma in na buɗe littafin sai in ga mutumin shafin farko da na shafin ƙarshe kamar ba mutum ɗaya ba.

Ranar tseren an tashi da sanyin da ya fi na hunturunmu, ga dusar ƙanƙara fari fat a kan duwatsun Atlas daga nesa. Mutane dubbai, ƴan ƙasa da baƙi, kowa da lamba a ƙirji. Ana ba da izini wasu samari majiya ƙarfi suka fice kamar an harba kibiya, suna ture mutane suna dariya. Dattijon ya dafa hannuna ya ce, “Bar su, za mu gaisa da su a gaba.” Haka kuwa aka yi. Wajen kilomita na 12 muka fara wuce su, wani a zaune a gefen titi ya cire takalmi, wani yana tafiya riƙe da ƙugu. A kilomita na 15 shi kansa dattijon ya ce in ci gaba da takuna, ya ƙara wuta ya bar ni. Daga na 17 ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun gero. A nan ne wata baiwar Allah da ta girme ni, da hijabinta, ta zo wucewa ta ce mini “yalla”, wato mu je. Na daina tunanin kilomita huɗun da suka rage, na riƙa sa ido a kan sandar fitila ta gaba, in na kai ta in nemi ta gabanta. Da haka na shiga cikin awa 2 da minti 16.

Wannan lokaci ba abin alfahari ba ne a wurin masu sana'ar. Gwanaye kan gama irin wannan tsere cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka, kuma a watan Oktoban 2019 Eliud Kipchoge na Kenya ya yi ninkin nisan da na yi a birnin Vienna cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Abin da ya tsaya mini a rai wani abu ne daban. Bayan na huta na tsaya a bakin layin ƙarshe ina kallon masu shigowa, har da waɗanda suka kusa awa uku a hanya. Kowannensu an tafa masa, an rataya masa lambar yabo irin wadda aka rataya mini. A matsayina na malami sai na tuna ajina, inda ranar rabon sakamako na ɗaya da na biyu da na uku kaɗai ake kira, sauran yara sittin ko fiye su koma gida kamar ba su yi komai ba a shekarar.

Ga inda zancen ya shafi karatu. Duk wanda ya koyar a ƙarshen firamare ko ajin farko na kwaleji ya san yaron nan da ke cewa, “Mushe, ni ba ni da kai.” Ya yanke wa kansa hukunci cewa ƙoƙari halitta ce, wasu an ba su, shi an hana shi. Irin waɗannan yara su ne suke fara zama a bayan aji, daga nan su fara fashi ranar kasuwa, wata rana a nemi sunansu a rasa. Da wuya ka gamsar da irin wannan yaro da wa'azi, domin ci gaba a Faransanci ko lissafi ba ya bayyana da wuri, kuma alƙalamin malami ne ke auna shi. Gudu kuwa yaro da kansa yake auna shi. Wanda bai iya zagaye biyu a watan Nuwamba ba, in aka bi da shi a hankali, zai yi shida kafin Janairu, kuma babu wanda zai ce alfarma aka yi masa. Bayan na dawo Gure na gwada wannan da ajina, minti ashirin sau uku a mako. Akwai wani yaro, ɗan wani mai sayar da itace, da ba ya buɗe baki a aji. Shi ya fara zuwa mini da littafinsa ya raba mitocin da ya yi da mintoci don ya san saurinsa, abin da na sha koyarwa a allo bai taɓa kama shi ba. Gudu bai mayar da shi na ɗaya a aji ba, amma ya daina cewa ba shi da kai, kuma ya ƙare shekarar tare da mu.

Wannan ma wata riba ce da malamai ba su cika lura da ita ba: filin gudu aji ne na lissafi da kimiyya. Yara su auna kewayen fili da igiya mai mita 10. Su ɗora yatsu biyu a wuya su ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15 su ninka sau huɗu, kafin gudu da bayansa. Bayan wata biyu su sake ƙirgawa, su tambayi dalilin da ya sa zuciyar wanda ya saba gudu take saurin komawa daidai. A nan za ka yi musu bayanin cewa zuciya tsoka ce, tana ƙara ƙarfi da aiki, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Darasin da aka ji a jiki ba ya saurin gogewa.

Ƙasashen da suka yi suna a gudu ba daga sama abin ya faɗo musu ba. Maroko ta daɗe tana shirya gasar gudu tsakanin makarantu, kuma yaranta sun taso da sunayen da suke koyi da su. A Olamfik na birnin Rum a 1960, wanda ya zo na biyu a bayan Abebe Bikila na Habasha, mutumin da ya ci tseren famfalaƙi ba takalmi, ɗan Maroko ne, Rhadi Ben Abdesselam. A 1984 a Los Angeles, Saïd Aouita ya ci zinariya a mita 5,000, Nawal El Moutawakel kuma ta ci ta mita 400 mai tsallake shinge. Hicham El Guerrouj ya ɗauki zinariya biyu a Athens a 2004. In muka duba gabashin Afirka kuma, sai mu tarar da malaman makaranta a gindin labarin. A ƙaramin garin Bekoji na Habasha, malamin motsa jiki Sentayehu Eshetu ne ya fara horar da Derartu Tulu, wadda ta ci zinariya a mita 10,000 a Barcelona a 1992, da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. A garin Iten na Kenya, Colm O'Connell ya zo daga Ireland a 1976 don koyar da labarin ƙasa a makarantar St Patrick, ya ƙare da horar da zakarun duniya irin su David Rudisha. Haile Gebrselassie kuwa da gudu yake zuwa makaranta yana yaro, kimanin kilomita 10 zuwa, 10 dawowa.

Gaskiya ne Bekoji da Iten suna kan tsaunuka masu tsayin fiye da mita 2,000, inda ƙarancin iska ke ƙara wa jini ƙarfin ɗaukar ta, mu kuwa a ƙasa muke cikin zafi. Don haka ba alƙawarin zinariya nake yi wa kowa ba. Amma juriya muna da ita. Yaron da ke bin awaki tun safe har la'asar a kan rairayi, da yarinyar da ke sauka kwari ɗebo ruwa sau uku a rana, da ɗalibin da ke tahowa kwaleji a ƙasa daga ƙauyensu, duk suna da abin da yaran wasu ƙasashe suke biyan kuɗi su samu. Kuma mun san yadda ake girmama wasa in mun so. Tun 1975 da aka fara gasar takobin kokawa a Tawa, ƙasar nan kan tsaya cak in ana yin ta, kuma filin kokawar Damagaram sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi. Lambobin Olamfik biyu da Nijar ta samu, ta tagulla da Issaka Daboré ya ci a dambe a Munich a 1972, da ta azurfa da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci a taekwondo a Rio a 2016, sun nuna ba jiki muka rasa ba. Sai dai kokawa ta ƙarfafa ce, kuma ƴan kallo sun fi ƴan wasa yawa. Gudu kuwa kowa na iya shiga, siriri da mai ƙiba, mace da namiji, ɗan shekara bakwai da ɗan sittin.

Na san abin da iyaye da abokan aiki za su ce, domin na ji shi a taro fiye da sau ɗaya. Na farko, yunwa. Yara da yawa suna zuwa makaranta ba su sa komai a ciki ba, kuma zalunci ne a ce wa irin wannan yaro ya yi gudu. Wannan magana haka take. Inda ake dafa wa yara abinci a makaranta, a tsara lokacin yadda ba da cikin wofi za a fita ba. Inda babu, a sanar da iyaye ranakun, don a ba yaro ko kunu ko ɗumame kafin ya fito, wanda bai samu ba kuma ya yi tafiya a maimakon gudu ba tare da an kunyata shi ba. Na biyu, zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a nan, babu mai hankalin da zai sa yara gudu da rana tsaka. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu Allah Ya ba mu safiya mai sanyi kyauta. A yi aikin a lokacin, a dakata ranar da hazo ya yi yawa, a dakata da azumi, a ajiye tulun ruwa a bakin fili. Na uku, lafiya. Muna da yara masu sikila da masu asma, kuma wajibi ne malami ya san su tun farkon shekara, a nemi shawarar ma'aikacin asibiti kafin a sa su. Haka nan kilomita 21 na manya ne. Ɗan firamare minti goma zuwa sha biyar na gudu da tafiya sun ishe shi.

Na huɗu shi ne batun ƴan mata, kuma shi ya fi nauyi. Uba yana da haƙƙin ya ƙi a fito da ƴarsa budurwa cikin gajeren wando a gaban ƴan kallo. Amma maganin wannan ba takardar likita ta ƙarya ba ce. A ware musu lokacinsu ko gefensu, malama ko ɗaya daga cikin ƙungiyar iyaye mata ta tsaya a kansu, su sa dogon wando da riga mai faɗi da hijabi, kamar matar da ta wuce ni a Marakesh. Malamanmu na addini sun san ruwayar da ke cikin Abu Dawud cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha har sau biyu, ta riga shi a karon farko, shi kuma ya riga ta a na biyu. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na matasa ƴan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma abin ya fi yawa a ƴan mata, inda ya kai kashi 85. Hukumar ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana. Yarinyar da muka zaunar a inuwa yau, ita ce uwar da za ta ɗauki ciki ta yi goyo gobe, kuma ƙarfin zuciyarta da ƙashinta tun yanzu ake gina su.

Akwai kuma masu cewa yaranmu ai aiki ya ishe su motsa jiki. Ga ɗan ƙauye, da sauran gaskiya a ciki. Amma ku dubi yaran cikin gari, ku dubi samarin da ke kwana a fada kan tabarma da butar shayi da waya a hannu. Ƙarfin saurayi kamar ruwan kwari yake, in ba a yi masa hanya ba zai yi wa kansa. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya ga yadda samarin unguwar Kara-Kara suke ƙera wa kansu kayan ɗaga ƙarfe daga tarkace. Sha'awar gwada ƙarfin jiki tana nan a cikin yaranmu. In makaranta ba ta karɓe ta ta tarbiyyantar ba, akwai masu jiran ta a waje, har da masu sayar da tramol.

To me za a yi, ba tare da an jira wani aiki daga Yamai ba? Shugaban makaranta ya hana a taɓa awar motsa jiki kamar yadda ba zai bari a taɓa ta lissafi ba. A auna fili da igiya, a share ƙaya da ƙarangiya don masu gudu ba takalmi, kowane yaro ya ware shafi a littafinsa na rubuta zagaye da mintoci. A daina hukunta yaro da kewaya fili ko tsallen kwaɗo, domin abin da aka yi maka horo da shi ba za ka taɓa son sa ba. Malami ya shiga cikin yaran, in ba zai iya gudu ba ya yi tafiya da na baya. A surka da langa da sauran wasanninmu don kada abin ya gundure su. Sannan kwamitin makaranta na COGES ya shirya tsere sau ɗaya a shekara a cikin hunturu, misali a makon bikin 18 ga Disamba: kilomita ɗaya ga ƴan firamare, uku ga ƴan kwaleji, biyar ga malamai da iyaye. Abin da za a kashe bai wuce na ruwa da usur da ƴan littattafai da sabulu na kyauta ba, ƴan jakunkuna ne da taron iyaye ɗaya zai haɗa. A ba wanda ya zo na ɗaya kyautarsa, a ba wanda ya fi kowa ci gaba tsakanin Nuwamba da Disamba tasa, kuma duk wanda ya kai ƙarshe a kira sunansa a gaban jama'a.

Ku kuma ƴan'uwana malamai da iyaye, wannan tsere na kilomita biyar da ku nake. Dukanmu mun san abokin aiki ko maƙwabcin da bai kai hamsin ba amma hawan jini ko ciwon sukari ya kwantar da shi, ya bar ƙananan yara. Ajali na Allah ne, amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma likitoci suna cewa babba yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Rabin awa ke nan sau biyar, daga fitowa masallacin asuba zuwa hudowar rana. Ba sai da takalmi mai tsada ba, ba kuma sai an cire doguwar riga ba, a fara da tafiya mai sauri, a nemi abokin hira. Mako biyun farko za a tsayar da ku a tambaya ko lafiya. Ku amsa da lafiya lau, ku wuce. Ranar da yaro ya ga babansa ko malaminsa yana haki a fili ɗaya da shi, ba sai an sake yi masa bayanin amfanin darasin ba.

Hunturun bana na tafe. A kai wannan magana taron iyaye na farko, a sa ta cikin abin da za a tattauna, a fitar da wanda zai auna fili da wadda za ta tsaya wa ƴan mata. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya raya mana zuriya.